Gefen Baƙi: Tarihin Ƙofa da Tikiti Daga Bici Zuwa Ƙofar Mata

A ƙauyukan da ke kewaye da Bici, irin su Badume da Saye da Ɗanzabuwa, kallo bai san ƙofa ba sai daga baya-bayan nan. Idan gero ya shiga rumbu, an tuge gyaɗa, hankalin manomi ya kwanta, sai mahauta su kira dambe. Fili ne fetal a bayan gari, sau da yawa gonar wani ce da aka gama girbewa. Babu katanga, babu zana, babu mai tsayawa da sanda yana karɓar kuɗi. Abin da ake kashewa a wurin na kari ne: ɗan dambe ya yi kisa a manna masa, makaɗi ya wasa mutum, shi kuma ya ciro abin da ke aljihunsa. Wanda ba shi da ko anini yana tsaye kusa da mai garken shanu, kuma duk abin da wannan ya gani shi ma ya gani.

A wannan tsari baƙo yana da matsayi sananne, domin dambe ba ya yiwuwa sai da baƙi. Su ake aika wa goron gayyata. In sun iso, Sarkin Fawa ne mai masaukinsu, shi zai ba su ɗaki da tuwo da ruwan wanka. In an fita fili a ware musu gefensu, su da makaɗansu da 'yan rakiyarsu. A cikin da'ira ana iya zubar wa gwaninsu da haƙori ba wanda zai ce uffan, amma duk wanda ya taɓa ɗan rakiyarsu a waje, to mai masauki ya taɓa, kuma sai ya amsa a gaban mai gari. Na taso na tarar da ƙarshen wannan al'ada, kuma da ita nake auna duk abin da na gani daga baya a filayen ƙwallo.

Ƙofa daga birni ta zo, kuɗin gyaɗa ne kuma ya kawo ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zuwa 1912 cinikin gyaɗa ya kankama, tsabar kuɗi ta fara yawo a hannun manoma da leburori da akawuna. Inda kuɗi ya taru, sai an sami mai kewaye fili ya ce a biya kafin a shiga. An buɗe sinimar Rex a 1937, Palace ta biyo baya a cikin birni a farkon shekarun 1950. A 1951 gobarar sinimar El-Duniya ta ci mutum 331. Tun a wannan lokacin Kano ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan an tara jama'a a cikin katanga, mafita kuma ta yi musu kaɗan. Dambe ma daga baya ya shiga katanga, ya zama gidan dambe mai kuɗin ƙofa, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari.

Labarin waɗannan shekaru daga bakin Baffana na ji shi, ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ɗan baranda ne. Yana bin kasuwannin ƙauye da mudu da buhu yana sayen gyaɗa, ya tara, ya kai wa wakilin kamfani a birni. In ya shiga Kano a Fagge yake sauka, unguwar da tun asali ta fatake ce da baƙi. A can ya koyi zuwa sinima, a can kuma ya kamu da son Raccah Rovers, ƙungiyar da ta ɗauki sunan gidan Raccah masu sayen gyaɗa, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978. A filin Sabon Gari yake kallonsu. Ya ce tun a sinima ya fara ganin samarin da ke sammako su saye tikiti idan an kawo fim ɗin Indiya mai farin jini, su jira layi ya yi tsawo, sannan su sayar da riba. Da ƙwallo ta yi kasuwa, sai irin waɗannan samari suka bi ta.

Baffa bai taɓa ganin aibin mutum ya tsaya tsakanin mai kaya da mai saye ba, tunda shi ma da haka ya ci abinci. Amma yana da ma'auni, kuma ma'aunin nasa fatoma ne. Fatoma shi ne mai gidan da baƙon ɗan kasuwa ke sauka a wurinsa. Ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an sayi kaya bashi ya tsaya masa, sannan ya ɗauki la'adarsa. Da wannan tsari Hausawa suka yi fataucin goro da shanu daga Kano har Salaga da Kumasi da Sabo ta Ibadan. Kuɗi fatoma yake nema a jikin baƙo, ba ya ɓoyewa, amma yana da gida, yana da suna, kuma in baƙonsa ya cutu shi ne zai ji kunya. Na tuna ranar da na dawo daga birni ina ba shi labarin yadda na sayi tikiti a hannu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, la'ada ba haramun ba ce. Amma shi wanda ya sayar maka, da abu ya ɓaci, a wace ƙofa za ka same shi?" Na ce, "Baffa, ko sunansa ban sani ba." Ya ce, "To ka gani."

An kafa Kano Pillars a 1990, aka haɗa ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Kafin shekara goma ta cika, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya fara karɓar manyan baƙi. A 1999 an buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa. A 2000, da Najeriya da Ghana suka karɓi gasar kofin Afirka, a Kano aka ajiye rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso, a nan kuma Tunisiya ta fitar da Masar a zagayen kwata. A 2009 gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya ta zo. A waɗannan shekaru ne mu mutanen karkara muka saba da hanya: ka tsaya a bakin titin Katsina, ka hau motar da ta cika, ku wuce Dawanau da Kurna, a sauke ku a Ƙofar Ruwa, ka nemi abin da zai ƙarasa da kai Ƙofar Mata.

Ranar da na ga sana'ar cuwa-cuwar tikiti ƙuru-ƙuru ita ce 18 ga Yuni, 2005, ranar da Najeriya ta karɓi Angola a wasan neman gurbin kofin duniya. Lokacin shuka ne, mun bar aiki a gona muka taho. Ko da muka iso, layin taga ya miƙe ya karya kwana. Muna cikin layi aka ce tikiti ya ƙare. Ba a yi nisa da faɗin haka ba sai ga samari suna ratsa jama'a a hankali, ba sa kallon kowa, suna cewa ƙasa-ƙasa, "Akwai, akwai." Wanda ya zo wurina ba zai wuce shekara ashirin ba. Ya fara duban ƙafata, ya ga jar ƙasa a takalmina, sannan ya dubi fuskata ya ce, "Yallaɓai, rumfa ko rana?" Na ce rana. Ya cire hularsa, sai ga tikiti a nannaɗe a cikin naɗin hular. Kuɗin da ya faɗa mini ya fi wanda na ji ya faɗa wa wani ɗan birni da ke gabana. Muka yi ciniki, na biya kusan ninki biyu na abin da ke rubuce a jikin takardar. Ya ɗaga ta sama ya nuna mini hatimi a hasken rana, ya danƙa mini, ya mayar da hularsa, jama'a suka haɗiye shi.

Daga baya, da na yi ta zuwa, na gane yadda abin yake tafiya. Yaron da ke yawo ba shi ne mai jari ba. Akwai ubangida a gefe, a inuwar wani shago ko a kan babur, shi ke raba wa yara kuɗi tun da safe su shiga layi, su fito, su sake shiga. Kowane yaro yana da ɗan abin da yake samu a kan kowane tikiti. Farashi yana hawa ne har zuwa lokacin da aka ji ihun fitowar 'yan wasa, nan ne ƙololuwa. Da an take leda an ɗan jima sai ya fara zubewa, kafin hutun rabin lokaci wanda ya rage a hannu ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Saboda haka sana'ar tana da asara, hadari ɗaya na yamma yana iya cinye jarin mutum. Akwai kuma ɓangarenta mai muni: na jabu, da wanda aka riga aka shiga da shi ba a yaga ba, a jefo shi ta kan katanga a sake sayarwa. Waɗannan kuwa ba a sayar wa ɗan unguwa, saboda gobe za a haɗu. Baƙo ake nema da su, mai jar ƙasa a takalmi.

Sai kuma tikitin alfarma, wanda ake aika wa manya kyauta. Babban mutum ba zai zo ya zauna a rana ba, wani lokaci ko a rumfar ma ba zai zo ba, sai ya miƙa wa yaransa, su kuma su miƙa wa kasuwa. Mutumin Bici ba baƙon wannan ba ne. Ya sha jin labarin kujerar Makka da aka ware wa wani ta ɓulla a hannun wani, ya kuma ji yadda cuwa-cuwar tikiti ta addabi jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bayan buɗe shi a 2016, har aka koma sayarwa ta intanet a 2021. Duk inda wuri ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, wanda aka ba kuma bai matsu da shi ba, sai an sami mai sayarwa.

Wasan namu da Angola kuwa, Okocha ya ci tun da wuri, Figueiredo na Angola ya rama bayan hutu, aka tashi kunnen doki cikin rana mai ƙuna. A ƙarshen zagayen Najeriya da Angola kowa na da maki 21, amma Angola ta tafi kofin duniya a Jamus saboda ta doke mu a Luanda. Abin da na lura da shi a ciki shi ne, takardar da na biya ninki biyu ƙofa kawai ta buɗe mini. Ba ta ba ni wurin zama ba. Inda ka samu nan ne naka, in ka tashi shan ruwa ka dawo ka tarar da wani, sai dai haƙuri ko faɗa.

A nan ne muka bambanta da Turai. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe tikitin shekara ba, na ranar wasa muka sani. A can kuwa mutum yakan biya kuɗin duk wasannin gida a dunƙule, a ba shi kujera mai lamba, tasa ce daga farkon kakar wasa har ƙarshenta. Wani ya gaji ta ubansa, wani ya yi shekaru a layin jira kafin ya samu. Maƙwabcinsa na dama da na hagu ya san su kamar yadda ka san wanda kuke haɗa sahu da shi a masallacin unguwa. Ƙungiya ta samu kuɗinta tun kafin a fara, shi kuma ya samu rangwame da tabbacin wuri. Matsalar tana tasowa ranar da ba zai je ba, ko ranar da baƙi suka zo da yawa da kuɗi a hannu, har abin da za su biya a wasa ɗaya ya kusa rabin abin da ya biya na shekara.

Ba don ƙyashi Turawa suka tsananta a kan wannan ba, jini ne ya koya musu. A ranar 29 ga Mayu, 1985, Liverpool da Juventus suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai a filin Heysel da ke Brussels. An ware wani sashe, wanda ake kira Z, don 'yan kallon ƙasar Beljiyam da ba ruwansu da kowa, kuma yana manne da inda magoya bayan Liverpool suke. Tikitin wannan sashe ya bi ta hannun dillalai da masu cuwa-cuwa ya faɗa hannun Italiyawa. Kafin a fara wasa magoya bayan Liverpool suka keta shingen da ke tsakani, mutane suka gudu suka matsu a jikin katanga, katangar ta rufta. Mutum 39 suka mutu, akasarinsu Italiyawa, aka kuma dakatar da ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar. Shekara huɗu bayan haka, a 15 ga Afrilu, 1989, turmutsitsin filin Hillsborough a Sheffield ya faru, wanda adadin mamatansa ya kai 97. Rahoton alƙali Taylor na 1990 ya sa manyan filayen Ingila suka koma kowa da kujerarsa, dokar 1994 kuma ta mayar da sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Amma ba hani kaɗai suka yi ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa a majalisunmu ba. Sun yanka wa baƙo rabonsa a rubuce. A gasannin Turai kashi 5 cikin 100 na kujerun fili na baƙi ne. A Firimiyar Ingila ana ba su kujera 3,000, ko kashi 10 cikin 100 idan filin ƙarami ne, kuma tun 2016 tikitin baƙo ba ya wuce fam 30. Suna da ƙofarsu, da masu tsaronsu, da hanyar da za su bi su fita. Mai tikitin shekara da ba zai je ba kuma an buɗe masa hanyar mayar wa ƙungiya kujerarsa ta sayar, a ba shi wani abu.

Duk da haka abin yakan ƙwace. A watan Satumba na 2017 magoya bayan Cologne kusan 20,000 suka dira a Landan alhali abin da Arsenal ta ware musu bai kai 3,000 ba, sai da aka jinkirta wasa da awa ɗaya. Wanda muka gani da idonmu a gidan kallo kuwa shi ne na 14 ga Afrilu, 2022, Barcelona da Eintracht Frankfurt a Camp Nou. Cikin azumi ne, ƙarfe takwas na dare agogonmu, da yawa daga cikinmu sai bayan asham muka shigo muka tarar an yi nisa. Da kyamara ta zagaya fili sai wani yaro a bayana ya ce, "Kai, wai a Jamus ake buga wasan nan?" Ko'ina fararen riguna. Kujera 5,000 aka ware wa Frankfurt, amma mutanensu kusan 30,000 ne suka shiga. Wasu sun saya a hannun ƙungiyar ta hanyoyin da ba a toshe ba, wasu a hannun dillalai, wasu kuma kujerun 'yan gida ne. Frankfurt ta ci 3 da 2, ta fitar da Barcelona, ta je ta ɗauki kofin. Shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya fito ya ce abin kunya ne, daga nan suka ce tikitin wasannin Turai zai riƙa ɗauke da sunan mai shi.

Musu ya kaure a gidan kallon nan har bayan an kashe janareto. Gidan kallon namu rumfar kwano ce da bencina, kuma yana da nasa ƙaramin tsarin: akwai 'yan gida masu biya a wata, bencin gaba nasu ne, kowa ya san gurbinsa. Ranar babban wasa, idan samari suka zo daga ƙauye a kan babura, wani ɗan wata yakan ɗaga wa baƙo wurinsa a ba shi na shayi, shi ya koma baya ya tsaya. Ba a taɓa yin rigima a kan haka ba, domin mai gidan ya san mai bayarwa, ya san mai karɓa, yakan ma san uban kowannensu. Saboda haka da wani tela mai son Barcelona ya ce waɗanda suka sayar sun ci amana, sai wani ya ce masa, "Haba Malam, mutum da kujerarsa? Ai kuɗinsa ya sa." Wani malamin makarantar Islamiyya da ke zaune ya raba gardamar. Ya ce wanda ya karɓi hayar wuri yana iya ba wani, sai fa in mai wurin ya gindaya sharaɗi tun farko, in ya gindaya kuwa sharaɗin ya hau kansa. Ya ƙara da cewa wanda ya saye abu ya ɓoye don jama'a su matsu ya tsawwala, wannan hukuncinsa daban ne, kuma ba mai kyau ba ne. Ni a ganina malamin ya fi kowa kusa da gaskiya.

'Yan kwanaki kaɗan bayan wannan dare, a cikin watan Afrilun nan, Katsina United ta zo Ƙofar Mata. Pillars ta daɗe ba ta gida. A 2020 an mayar da filin wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta yi dogon zama a Kaduna. Jama'a sun yi ɗokin dawowarta. Wasa ya yi nisa ba ci, 'yan kallo suka ɓalle, aka tashi ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta ƙwace mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo.

Wannan abu ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa, kuma dalilin yana da alaƙa da inda nake zaune. Bici a kan hanyar Katsina take. Motar nan da aka farfasa ta gabanmu ta wuce. Muna da surukai a Katsina, muna cin kasuwa da su, 'ya'yanmu suna aure a can. Ni mai son Pillars ne tun tana sabuwa. Na yi murna a 2009 da ta fitar da Al Ahly, kunnen doki 1 da 1 a Kano, 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Na yi alfahari da shekara 12 da ta yi ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, daga 2003 har Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. Rabi'u Ali da Gambo Muhammad da Ahmed Musa sun ba mu abin faɗa. Amma a duk tsawon shekarun nan, sau nawa na ga magoya bayan baƙi zaune a gefensu da gangarsu, hankali kwance? Wanda ya zo daga nesa yakan cusa rigar ƙungiyarsa a leda, ya sayi tikiti a hannu, ya zauna a tsakiyarmu, in an ci mu ya haɗiye murnarsa. Kuma ba Kano kaɗai ba, haka namu suke yi in sun je wasu garuruwan. A Barcelona kukan da ake yi shi ne baƙi sun yi yawa har sun rinjayi 'yan gida. Mu a nan baƙon ne ba shi da inda zai sa ƙafa, mai cuwa-cuwa kuma shi kaɗai ne ya tanadar masa wani abu, ko da na jabu ne.

A watan Oktoba na 2025 abin ya sake faruwa. Shooting Stars ta Ibadan ta rama ci a ƙarshen wasa, 'yan kallo suka shiga fili, aka taɓa alƙalan wasa da baƙi. Aka sake cin tara, aka sake ƙwace maki uku, aka mayar da wasannin gida na Pillars filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, garin da aka farfasa wa mota shekara uku da rabi kafin nan. Hanyar zuwa wasan gida ta koma bi ta Bici.

Yanzu ana ta maganar zamanantar da ƙofa, tikiti ta waya, kujera mai lamba, rajistar magoya baya. Jihar Kano ta kuma sami ƙungiya ta biyu a babban rukuni, Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024 ta hau a 2025, kuma da yawa daga samarin Kano ta Arewa, har da na Bici, sun karkata gare ta. Ke nan ranar da ƙungiyoyin biyu suka haɗu, baƙon ba daga Ibadan ko Aba zai zo ba, ɗan ɗakinku ne, a mota ɗaya za ku tafi. Idan tikitin shekara ya zama ruwan dare a nan, ni mai saye ne, kuma na san tun yanzu ba zan cinye shi ba. Ƙungiya 20 ke gasar, wasan gida 19 ke nan, ana farawa ne gab da girbi, a ratsa lokacin yankan dawa da casa, a shiga noman rani lokacin da masu fadama da masu aiki a ruwan Watari ba sa iya barin tumatir da albasa ko na yini ɗaya. Manomin Bici zai rasa wasanni da dama, kuma ba zai bar kujerar da ya biya ta zauna a banza ba. Zai ba wani. Abin da nake so ƙungiyoyinmu su tsara tun kafin su buga takardar farko shi ne ta wace taga zai mayar da ita a ba shi kuɗinsa, da sunan wa za a rubuta wanda ya karɓa, da kuma wane gefe da wace ƙofa aka yanka wa mutanen Katsina ranar da za su zo.